Wasiƙu Biyar da Sabar Ta Ce Ta Karɓa

A ofis Injiniya ake ce masa, a gida kuwa Auta, duk da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Shi ke kula da sabar wasiƙun kamfanin, wato babbar kwamfutar da duk imel ɗin da zai shigo wa ma'aikata sai ya fara bi ta hannunta. Tana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin dafa shayi, a wani ɗaki marar taga, cikin dogon kejin ƙarfe ita da 'yan uwanta, na'urar sanyi na hura musu iska ba hutu. Mutanen ofis ba sa tuna da shi sai ranar da wasiƙa ta maƙale, shi ma bai damu su tuna ba. Mutum ne mai son komai ya tafi bisa ƙa'ida, kuma duk wanda ya taɓa zama da irinsu ya san ba su da saurin cewa sun yi kuskure.

Ranar Talata wajen ƙarfe goma na safe, mai karɓar baƙi ta bugo masa ta ce wata mata tana nemansa a ƙasa. Ya sauko da kofin shayinsa a hannu, yana zaton masu tallar kayan kwamfuta ne. Sai ya tarar da matar yayansa zaune a bakin kujera, ta ɗora jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu. Rabonsa da ganinta shekara uku. Ta rame, idanunta sun faɗa.

"Anti, lafiya?"

"Da lafiya ai ba za ka gan ni a nan ba, Auta. Lambarka ta da ba ta shiga. Katinka na tsinta a aljihun rigar yayanka, na biyo adireshin."

Ya ce ai an sace wayar tun bara, kamfani ya ba shi sabon layi. Bai gama rufe baki ba ya ji maganar ta yi masa arha, don ba wanda ya hana shi kai sabuwar lambar gidan yayansa.

Ba ta tsaya jan zance ba. Ta ce ciwo ne ya kama Yaya a maƙogwaro. Wata huɗu ke nan da aka yi masa aiki aka cire masa abin magana gaba ɗaya, tun lokacin sai dai ya rubuta. Yanzu ciwon ya sauka ƙirji, yau kwanansa goma sha ɗaya a asibiti, kuma jiya likita ya ja ta gefe ya ce duk wanda ya kamata ya zo, ya zo.

Auta ya ajiye kofin a kan teburin mai karɓar baƙi. Ya ce, "Wata huɗu, Anti? Ba wanda ya ga ya dace a gaya mini?"

Ta kalle shi kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba. "An gaya maka. Sau biyar ya rubuto maka."

Abin da ya raba shi da Yaya, in aka faɗe shi a gaban mutane, kunya za a ji. Yaya mai gyaran rediyo da talabijin ne. Shi ya riƙe Auta tun yana aji uku na firamare, shi ya koya masa riƙe ƙarfen dalma, shi ya fara buɗe masa cikin kwamfuta ya ce taɓa, ba ta cizo. Da Auta ya yi karatu ya samu aikin ofis, sai wata rana ya shiga shagon, ya yi tuntuɓe da wata tsohuwar talabijin, ya ce cikin raha a gaban masu jiran gyara, "Yaya, wannan shago ne ko bola?" Aka yi dariya. Yaya bai yi ba. Ya ce tunda bola ce, kada ya ƙara tako ta da takalmansa masu sheƙi. Shi ke nan fa. Babba yana jira ƙaramin ya zo ya ba da haƙuri, ƙaramin yana jira babba ya gane wasa ne, taurin kan da suka gada wuri ɗaya ya cinye musu shekara uku.

"Ban ga wasiƙa ko ɗaya ba," in ji Auta. "Wallahi Anti ko ɗaya."

Ta buɗe jaka ta ciro takardu biyar da aka naɗe gida huɗu. Yaya ya saita tsohuwar kwamfutarsa ta riƙa neman shaida duk lokacin da ya aika wasiƙa, kuma duk shaidar da ta dawo sai ya buga ta a takarda. Auta ya warware ta farko. Ga adireshinsa na ofis, ba kuskuren ko harafi ɗaya. Ga rana, ga lokaci. Ga sunan sabar kamfaninsu, sunan da shi da kansa ya raɗa mata. A ƙasa kuma ga amsar da ta bayar, wadda ma'anarta ita ce: na karɓa.

"Ya hana ni kiran ka," in ji ta. "Ya rubuta mini cewa wanda aka aika wa sau biyar ya yi shiru, ai ya riga ya ba da amsa. Yau ma bai san na zo ba. Sai ƙarfe huɗu suke barin baƙi su shiga. In za ka zo, ka zo. In ba za ka zo ba, ni dai na fita hakkinka."

"Kwamfutar tasa tana shago? Ai akwai kwafin duk abin da ya aiko a cikinta."

"Ana gobe za a kwantar da shi ya kwance ta da hannunsa. Ya ba maƙwabcinsa kayan ciki. Wannan ƙarfen da kuke ajiye bayanai a ciki ma buɗe shi ya yi, ya cire maganaɗisun, yana nan manne a jikin firij ɗina."

Ta miƙe ta tafi, ta bar masa takardun.

Bai jira lifta ba, da ƙafa ya hau bene. Ya shiga ɗakin sabar ya ja ƙofa, ya zauna a gaban allon da ke jikin kejin. Sanyin ɗakin da ya saba da shi yau har cikin ƙashi yake jin sa. Ya buɗe rajista, inda sabar ke rubuta duk wasiƙar da ta shigo da abin da aka yi da ita, ya sa adireshin Yaya ya nema. A ransa yana roƙon Allah ya sa kada ya ga komai, don in babu komai to laifin na wani ne a hanya. Layi biyar suka fito, kowanne da kalma iri ɗaya a ƙarshensa: an killace. Dalili kuma, harafin da ba ya bisa ƙa'ida a layin mai aikawa.

Ga yadda abin yake. Kowace wasiƙa tana da goshi, 'yan layukan da ke faɗin daga wa take, wa za a kai wa, da kan maganarta. Ƙa'idar da aka yi tun farkon imel ta ce a goshin nan haruffa da lambobi na gama-gari kawai ake so. In mutum yana son sa wata alama ta daban, aikin manhajarsa ne ta naɗe alamar cikin lambobi kafin ta tura. Manhajojin yanzu duk suna yi. Tsofaffin wasu ba sa yi, haka suke turo ta tsirara. Auta ya sake duba takardar da ke hannunsa, ya ga abin da idonsa ya tsallake da farko. Bayan sunan shagon Yaya akwai wata 'yar alamar fure, irin wadda ya zana a allon ƙofar shagon da a jikin akwatin kayan aikinsa. Yaya ya lalubo ta a cikin kwamfutar ya maƙala ta kusa da sunansa don ado. Alamar furen nan ce sabar ta gani ta ce ba ta san ta ba.

Sabar ba ta da ra'ayin kanta a kan irin wannan wasiƙa, abin da aka koya mata take yi. Ana iya koya mata ta ƙi karɓa tun daga ƙofa, mai aikawa ya ga wasiƙarsa ta dawo ya san inda ya tsaya. Ana iya koya mata ta karɓa, ta cire harafin ta sa alamar tambaya a gurbinsa, ta miƙa wa mai ita. Ana kuma iya koya mata ta ce ta karɓa, ta juya ta jefa a akwatin killacewa ba tare da ta ce wa kowa uffan ba. Shekara shida da suka wuce, 'yan damfara sun yi wa kamfanin ruwan wasiƙu masu irin wannan gurɓataccen goshi, da yawansu ɗauke da cutar kwamfuta. Sabar tasu kuwa a lokacin sai ta gama karɓa take iya bincikawa, in ta mayar da wasiƙa sai ta faɗa kan bayin Allah da aka ari adireshinsu, har wasu kamfanoni suka daina karɓar imel daga wurinsu. Auta ya zauna ya rubuta doka mai layi huɗu: a karɓa, a killace, kada a sanar da kowa, bayan kwana talatin a share. Oga ya yaba masa a taron ma'aikata, aka tafa masa. Ya daɗe yana ba da labarin layi huɗun nan.

Ya ƙirga kwanakin wasiƙar ƙarshe da yatsa a jikin kalandar da ke bango, ya sake ƙirgawa daga baya zuwa gaba. Kwana talatin da uku. Da Anti ta zo ranar Juma'a da ya same ta.

Ya buɗe akwatin killacewar duk da haka. Wasiƙu dubu huɗu da 'yan kai, tallar magunguna da alkawuran gado daga mutanen da ba su taɓa rayuwa ba. Yana gangarawa ya ga ta wata mata mai neman aiki, ya ga ta wani tsohon direban kamfanin da ke gaida mutanen ofis. Rabonsa da leƙa akwatin nan ya fi shekara biyu. Ta Yaya dai babu.

Abin da ya rage masa na wasiƙun yayansa shi ne nauyinsu, don rajista tana rubuta wannan. Ta farko, wadda aka aiko kwana tara bayan aikin, kilobait goma sha ɗaya ce. Auta ya san lissafin, wajen shafi huɗu ke nan na rubutu zalla, kuma ya san Yaya da yatsa biyu yake bugawa, yana neman kowane harafi kamar ya ɓace. Ta biyu kilobait shida. Ta uku uku. Ta huɗu biyu. Ta biyar, in ka cire goshin, abin da ya saura bai fi layi ɗaya ba. Ya zauna yana kallon lambobin nan har idonsa ya fara ruwa, ba su ƙara masa komai ba.

Ya tashi ya nufi ɗakin Tsoho, mai kula da ajiyar ko-ta-kwana. Duk mako Tsoho yana kwafe abin da ke cikin kwamfutocin kamfanin ya zuba a kaset-kaset, ya jera su a kabad ɗin ƙarfe da rubutun hannunsa a jiki. Saura masa wata biyar ya yi ritaya, kuma ba abin da ke ɗaga masa hankali a duniya. Ya same shi yana fere fensir da reza.

"Tsoho, ina son kaset ɗin watan jiya, na sabar wasiƙu."

"Injiniya da kansa a ɗakin talakawa. Wa ya share wasiƙar Oga kuma?"

"Akwatin killacewa nake nema."

Tsoho ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. "Ba ya ciki."

"Duba dai."

"Me zan duba? Kai ka hana. Ka ce kada in ƙara ɓata maka kaset da shara. Har takarda ka rubuto mini, tana nan a fayil, in kana son ganin sa hannunka."

Auta ya jingina da kabad ɗin. Ya ce ko za a iya tono abin da aka share daga jikin faifan sabar. Tsoho ya ce ai ya fi shi sani, faifan nan wasiƙa dubu nawa ke hawa kansa a wuni, gurbin da aka share da safe kafin azahar an rubuta wani abu a kai. Sai a lokacin ya lura da fuskar Auta, ya ajiye rezar.

"Wasiƙar wa ce?"

"Ta yayana."

"To ka ce ya sake turowa mana."

Auta ya kau da kai. Tsoho ya ƙara kallon sa, ya jawo masa kujera da ƙafa.

Auta ya koma ɗakin sabar ya gwada duk da haka, don zaman banza ya fi ƙarfinsa. Awa biyu yana bin faifan lungu-lungu da sunan shagon Yaya. Ya samo guntun tallar agogo, ya samo rabin takardar hutun wani ma'aikaci. Da ƙarfe biyu ya wuce ya haƙura. Ya buɗe dokarsa mai layi huɗu, ya sa mata alamar dakatarwa. A ƙa'ida sai ya cika fom Oga ya sa hannu kafin ya taɓa ta, yau bai cika ba. Bai ji sauƙin komai ba da ya yi hakan. Ya buga layuka biyar na rajistar a takarda, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar an killace, ya naɗe ya sa a aljihu. Hujja ce, kuma shi mutumin hujja ne. A cikin motar haya, cunkoso ya riƙe su a shataletale, yana ta tsara yadda zai yi bayani: zai fara da goshin wasiƙa, ya zo kan furen, ya ƙare da cewa bai taɓa gani ba. Ya maimaita har ya haddace.

Ɗakin da aka kwantar da Yaya gado shida ne, labule ya raba tsakaninsu. Na Yaya na jikin taga. Auta ya tsaya a ƙarshen gadon ya kasa ƙarasawa. Mutumin da yake ɗaukar talabijin mai ƙaton baya shi kaɗai ya hau da ita bene, yau ga shi bargo ya fi shi kauri. An sa masa bututu a ramin wuya, numfashinsa na fita ta nan da wani sauti kamar ana jan ruwa da tsinken roba. Hannayen ne kawai ba su canja ba, da tabon ƙunar dalma a babban yatsa.

Anti ta tashi daga kujera ta ba shi wuri. Ta ce wa Yaya, "Ga shi nan na kawo maka. In faɗa za ka yi mini, ka bari sai ka warke."

Yaya ya buɗe ido. Ya kalli Auta daga sama har ƙasa, ya daɗe a kan takalman. Bai yi murmushi ba, bai kuma kau da kai ba.

"Yaya, sannu," in ji Auta. Muryarsa ta fito siririya kamar ta yaro. Bayanin da ya haddace ya watse, ya ciro takardar da sauri ya warware ta a kan bargon. "Yaya, ban gani ba. Wallahi ban ga ko ɗaya ba. Dubi nan, ka ga inda na ja layi. Sun iso, amma ba su zo wurina ba."

Yaya ya miƙa hannu gefe. Anti ta sa masa ƙaramin littafin rubutu da biro, ta ɗaga masa kan gadon kaɗan. Littafin ya kusa cika. Yayin da yake neman shafin da ba rubutu, Auta ya hango abin da ke cikin na baya, maganar mutum ta wata huɗu: ruwa, rufe taga, ya yi zafi, kira nas. A wani shafi da manyan haruffa, kada ki kira shi.

Yaya ya yi rubutu a hankali, biron na zamewa. Ya juyo littafin. Na'ura ta ce ta karɓa.

"Ta karɓa, Yaya, amma ba ta ba ni ba. Alamar furen nan da ka sa a gefen sunanka, ita ce ba ta gane ba. Kwamfutarka tsohuwa ce, ba ta..." Ya haɗiye sauran. Ko a nan ma sai da bakinsa ya kai shi ga tsufan kayan Yaya. Ya ce, "In ta ga harafin da ba ta sani ba, sai ta ajiye wasiƙar gefe, bayan wata ɗaya ta share."

Yaya ya jawo takardar rajistar kusa da idonsa. Mai gyara ne, bai taɓa yarda da bayanin da bai bi wayarsa da yatsa ba. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan jan layin. Sannan ya rubuta. Wa ya koya mata?

Auta ya ji kamar ya ce kamfani, ko ya ce haka ake yi ko'ina. Duka biyun akwai gaskiya a ciki. Ya ce, "Ni ne."

Kafaɗun Yaya suka fara rawa, bututun ya yi ƙara. Anti ta matso a tsorace, sai ta ga dariya yake, dariya marar sauti, har hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. Auta ma ya ji tana neman kama shi, ta haɗu da kuka, ya rasa wanda zai saki. Ya durƙusa a gefen gadon ya kama ƙarfen.

"Yaya, me ka rubuta a ciki? Ta farkon nan mai tsawo. Ko kaɗan ne ka gaya mini."

Yaya ya girgiza kai. Ya ɗaga hannunsa ya nuna masa yadda yake karkarwa, ya sake shi ya faɗi a kan bargo. Shafi huɗu ba za su sake fitowa daga hannun nan ba, kowa a wurin ya san haka. Ya huta, numfashinsa ya daidaita. Auta ya ɗauka an gama, har zuciyarsa ta fara yin sanyi, yana ganin hujjarsa ta karɓu. Sai Yaya ya sake laluben biron. Wannan karon ya daɗe yana rubutu, yana tsayawa bayan kowace kalma. Ya juyo littafin ya riƙe shi a ƙirji da hannu biyu.

Da ta ba ka, da ka amsa?

Amsar kalma uku ce, kuma duk mai hankali ya san ita ake faɗa wa marar lafiya. Auta ya buɗe baki. Amma shi mutum ne da bai iya faɗin abin da bai tabbatar ba, sai ya tsaya duba kansa kamar yadda yake duba rajista. Ya ga kansa wata huɗu baya, zaune a ofis da kofin shayi, sunan shagon Yaya ya faɗo a allo. Ya san gabansa zai faɗi. Ya kuma san halinsa: zai leƙa layin farko ya ga ko da ban haƙuri aka fara, in bai gani ba ya sa mata alama ya ce sai anjima. In ya kai inda ake maganar ciwon fa? Ai da ya tashi a guje. To in Yaya bai ambaci ciwon ba sam, don ya san girman kansa? Shekara uku yana da adireshin shagon, yana da ƙafa, ba sabar da ta tare shi. Duk wannan bai fi numfashi biyar ba, amma Yaya yana kallon sa, yana ƙirga su.

"Yaya, ni dai..."

Labulen ya buɗe. Nas ce da tire a hannu. Ta ce bututun ya cika, sai an zuƙe, kuma lokacin allurarsa ya yi, 'yan uwa su ɗan ba ta wuri. Auta ya ce minti ɗaya don Allah. Ta ce numfashinsa ba zai jira minti ɗaya ba, ta zare littafin daga hannun Yaya ta ajiye a kan durowa, ta ja labulen a fuskar Auta.

Suka tsaya a baranda shi da Anti. Ta jikin ƙofa yana jin ƙarar injin zuƙa. Ya ce a ransa da an buɗe zai shiga ya faɗa, ba zai ƙara tunanin komai ba, ko gaskiya ce ko ba gaskiya ba. Ya shirya kalmomin a bakinsa ya riƙe su. Minti ashirin suka yi a tsaye.

Da nas ta fito ta ce wa Anti likita ya ƙara ƙarfin maganin, don ciwon ya kai inda ba a barin mutum ya ji shi. Daga yanzu a cikin ruwan da ake ƙara masa za a riƙa sa shi, ba tsayawa. Ta ce zai yi ta barci, kada su tsorata. Anti ta tambaya ko zai riƙa farkawa. Nas ta gyara tiren a hannunta ta ce ba ta son ta yi musu alkawari.

Suka shiga. Yaya ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe, fuskarsa ta saki. Takardar rajistar ta zame ƙasa, Anti ta ɗauka ta naɗe. Ta ga littafin a buɗe a kan durowa, ta karanta, ta dubi Auta.

Ya sunkuya dab da kunnen yayansa. "Da na amsa, Yaya," ya ce. Ya jira, ya ƙara faɗa da ɗan ƙarfi, har mai jinyar gadon kusa ya leƙo. Ya kama hannun mai tabon dalma ya matse ya sake faɗa, hannun bai matse nasa ba.

Anti ta ce, "Ka gaya masa haka lokacin da idonsa yake buɗe?"

"A'a."

Ta rufe littafin ta sa a jaka. Ta jawo masa kujerar ta ce ya zauna, sai ƙarfe shida suke korar baƙi.